Ɗorawar Lauya

Duk wanda ya san kasuwar Funtuwa a shekarun nan ya san rumfar Silifat, ko da bai san sunan ba, don ba mai kiranta da shi. Iya Jimo ake ce mata. Baƙo ma ba ya buƙatar kwatance, hancinsa zai kai shi, domin kalwa da daddawa take sayarwa. Daga Offa ta zo tana amarya, a jirgin ƙasa, ita da mijinta Ayinde tela. Mijin ya rasu aka binne shi a Funtuwa, dangi suka aiko ta koma gida, ta ce wane gida kuma, ga kabarin mijinta ga rumfarta.

Abu ɗaya ne ke sa mutane su gudu daga rumfar nan, wato zancen ɗanta. Ka zo sayen daddawar miya, sai ka ji yadda Jimo ya yi karatu a Zariya, yadda ya tafi Ikko, yadda ya dawo lauya, yadda sabuwar gwamnatin jiha ta ɗauke shi aiki a Kaduna. In ka yi sakaci ka tsaya, sai ta kwance wani ƙyalle ta fito maka da hotonsa sanye da baƙar riga da hular gashin nan ta lauyoyi. Mahauta na tsokanarta, wai ɗan nata ya tsufa tun bai yi aure ba, ga furfura. Ita kuwa ko a jikinta, sai ta goge hoton da bakin zane ta mayar.

Akwai dalilin da ya sa ta riƙe zancen nan gam. Rumfar da ke jikin tata ta Chukwuma ce, mai sayar da fitilu da kwanuka, kuma a rufe take tun shekarar tashin hankalin da ya sa shi da 'yan ƙabilarsa suka gudu, kwaɗon ma ya yi tsatsa. Ba wanda ya taɓa ce wa Silifat kanzil, amma tun daga lokacin ta san akwai ɗan gari akwai baƙo, kuma mutum bai san wanne ne shi ba sai ranar da abu ya taso. Ita dai burinta a duniya kada a taɓa kiran Jimo baƙo a ƙasar da aka binne cibiyarsa.

Kalwar da take sayarwa kusan duk daga Kurmin Sanda take zuwa, wani ƙauye a kan hanyar Maska, kuma ta hannun Hajo. Hajo tsohuwa ce doguwa mai kaifin baki, ita ke tara kalwar matan ƙauyen ta ɗoro wa jaki ranar kasuwa. Ƙawancensu ya girmi Jimo. Sa'ad da yana jariri Silifat ta yi wata doguwar jinya, Hajo ce ta goya shi, ta dama masa kunu, ya tashi yana ce mata Inna. Duk bazara a ƙauyen yake yinta, ya dawo baki rawaya da garin ɗorawa.

Ranar wata kasuwa da kaka, a shekarar 1968, Hajo ta zo ba jaki. Ta tsaya a bakin rumfa, ba ta shiga ba, ba ta kuma karɓi ruwan da aka miƙo mata ba.

Silifat ta ce, "Yaya Hajo, lafiya? Ina kayan?"

Hajo ta ce, "Kaya? Ki tambayi ɗanki. Gwamnati ta amshe gonakin tudu za ta yi gonar gwajin irin auduga. Maza an ba su wasu gonaki, sun amsa, yanzu sun dawo suna ƙara. Wannan ruwansu. Mu kuwa mun wayi gari an bi ɗorawunmu an shafa masu jan fenti, wai katafila na zuwa da rani. Kin san wa gwamnati ta turo ya tsaya mata? Jimo. Jimon da na goya a bayan nan."

Silifat ta ajiye ruwan da ta miƙa mata. Ta ce, "Aikinsa ne, Yaya. Inda aka aike shi nan za shi."

Hajo ta ce, "To, Allah ya taimaka. Dama an ce ku baƙi ba ku da asara, in ƙasa ta lalace sai ku hau jirgi."

Ta juya ta tafi. A duk tsawon zamansu ba ta taɓa faɗin kalmar nan ba, kuma da ta zage ta ta uwa ta uba da ya fi wa Silifat sauƙi. Silifat ta rufe rumfa tun kafin la'asar, abin da ba ta yi ba ko ranar da ɓarayi suka shiga layinsu.

Ɗorawa a Kurmin Sanda ba itacen banza ba ce. Al'adar garin, in uba ya mutu aka zo rabon gado, maza su ɗauki gona, mata a ba su itatuwan da ke cikinta. Sai ka ga gona ta wane ce, ɗorawar da ke tsakiyarta ta ƙanwarsa ce ko ta gwaggonsa, shi ko ƙwaya ba ya tsinka sai da izini. Da ita mace ke yin daddawa, da ita take yi wa 'yarta kayan ɗaki, da makubarta, wato jiƙon ɓawon 'ya'yanta, take daɓe. In aure ya mutu ta dawo gida, itacenta na nan yana jiranta. Silifat ta san wannan sarai, shi ya sa ba ta iya jin haushin Hajo yadda take so ba.

Jimo ya iso Funtuwa ana jibi za a zauna sauraron koke. Saurayi ne siriri, mai magana a hankali, irin mutanen da sai sun gama tauna zance kafin su furta. Uwar ta tuƙa masa amala, ta bari ya wanke hannu, ya kai loma ta farko, sannan ta buɗe masa wuta. In ranta ya ɓaci Hausar da Yarabancin haɗuwa suke yi, ta zuba masa duka biyun.

Ta ce, "Duk lauyoyin Kaduna sun ƙare ne sai kai? Ka ce ba ka da lafiya. Ka ce uwarka ce ba lafiya, ga ni, zan kwanta."

Ya ce, "Iya, aikin gwamnati ba a yin zancensa a tsakar gida."

"Hajo ta ce mini baƙuwa, Jimo. A cikin kasuwa."

Ya tsaya da cin abinci na ɗan lokaci. Ta zaci zai ce wani abu da zai sanyaya mata rai, sai kawai ya ce, "Ki yi haƙuri." Ya ƙarasa abincinsa, ya yi godiya, ya ɗauki takalman daji ya ce za shi ya ga filin da idonsa. Silifat ta bi bayansa da harara. Wannan taurin kai na Ayinde ne, ta san shi tun kafin a haifi yaron.

Ranar zaman ta ce ba za ta je ba, sai ga ta a motar farko. A filin makarantar ƙauyen aka yi, an fito da tebur gindin wata ceɗiya. Di'o, wato babban jami'in gwamnati na yankin, Malam Shitu ne a tsakiya, ga malamin gona Abubakar a gefensa, ga dagaci. Maza sun cika fili. Mata kuwa, tsofaffin da ke iya fita, suna bayan dangar makaranta suna leƙe ta kafar kara. Nan Silifat ta raɓa. Aka matsa mata wuri, amma ba wadda ta gaishe ta, Hajo ma ta kafa ido gaba kamar ba ta gan ta ba.

Masu ƙara sun ɗauko lauya daga Zariya, wani ƙaton mutum mai murya, ya yi ta zuba Turanci ana fassarawa. Ya ce an tilasta wa talakawa, an ba su gonakin da ba su so. Aka kira Mudi, shugaban masu ƙarar, ya maimaita haka. Sannan Jimo ya miƙe. Bai nemi tafinta ba, da Hausar garin ya yi magana.

Ya ce, "Malam Mudi, barka da kaka. Gonar da aka ba ka a bakin fadama, wa ya zaɓa maka ita?"

Mudi ya ce, "Ni na nuna."

"Ka yi mata sassabe?"

"Na ɗan yi."

"Na bi ta wurin shekaranjiya, na ga an jibge taki, mai kyau kuwa, na tumaki. Na wa ne?"

Mudi ya sosa ƙeya ya ce, "Nawa ne."

"To, Malam Mudi, a garin nan an taɓa kai taki gonar da ba a so?"

Fili ya ɗauki dariya, har dagaci sai da ya rufe baki da hannun riga. Haka Jimo ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba tsawa, ba wulaƙanci, kowa da bakinsa ya amsa cewa an kira shi, an nuna masa, ya zaɓa, ya kuma fara gyara. Ashe wani ne ya hure musu kunne cewa in suka yi ƙara za su haɗa tsohuwar gona da sabuwa. Kafin azahar ƙarar ta watse, ƙaton lauyan nan yana ta share gumi.

A bayan danga Silifat ta rasa inda za ta sa kanta. Rabin zuciyarta na son ta yi guɗa, don ba ta taɓa ganin ɗanta yana aiki ba, kuma wallahi ya iya. Ɗaya rabin kuwa na kallon fuskokin matan nan. Wata ta ce a hankali, "Shi ke nan, ɗan Bayarabiya ya gama da mu."

Di'o ya fara tattara takardunsa, sai Jimo ya ce, "Ranka ya daɗe, da saura. A dawo mini da Malam Mudi."

Mudi ya dawo yana jan ƙafa.

Jimo ya ce, "Ɗorawun da ke cikin tsohuwar gonarka, na wa ne?"

"Na gabas na ƙanwata Shafa'atu ne. Babbar ta gwaggona Hajo ce."

"Ranar da aka tara ku aka ce gwamnati na son filin, an kira su?"

Mudi ya yi mamakin tambayar. Ya ce, "Ai mata ne."

"Kai ka gaya wa masu awo cewa itatuwan ba naka ba ne?"

"Ba su tambaya ba. Gonar wa, suka ce, na ce tawa."

Jimo ya juya wajen tebur ya ce, "Ranka ya daɗe, gwamnatin da ta aiko ni ta karɓi gonakin nan bisa doka, na kuma nuna haka a gaban kowa. Itatuwan kuwa ba ta karɓe su ba, domin ba ta nemi masu su ba, ba ta ji ta bakinsu ba. In katafila ta taɓa ko ɗaya, gwamnati ta ci haƙƙin da ba nata ba. Ni kuma an ɗauke ni aiki ne in tsare ta daga masu ƙarar banza, in kuma tsare ta daga wannan."

Malam Abubakar malamin gona ya miƙe a fusace ya ce, "Lauya, kai na wa ne? Tarakta layi take bi miƙaƙƙe. Ta yaya za a yi gonar gwaji da itatuwa birjik a ciki?"

Jimo ya ce, "Na gwamnati ne, Malam, shi ya sa na faɗa tun yanzu, kafin wata kotu ta faɗa mana bayan itatuwan sun faɗi. Zancen tarakta kai ka fi ni sani. Ni dai abin da na roƙa, a ji masu itatuwan."

Di'o ya ajiye alƙalami ya ce a kira su. Nan kuma aka sami cikas, don ba macen da za ta fito gaban taron maza ta yi magana, wasu ma suna cikin kulle. Jimo ya ce ba komai, in ba za su zo wajen shari'a ba, shari'a ta je. Ya nemi izinin mazajensu, aka kafa zana a zauren gidan dagaci, mata a ciki, shi da Di'o da magatakarda a waje. Ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma da wandonsa na kwat.

Abin ya kai har washegari. Kowace mace ta faɗi itacenta, da wanda ta gada a wurinsa, da gonar da yake ciki. Itatuwan ma suna da sunaye, akwai Mai Zuma, akwai Gurguwa, akwai Ta Bakin Rafi. Wata tsohuwa ta rikice ta manta sunan kakanta, Jimo ya ce, "Ba ke ce mai Gurguwa ba, wadda reshenta ya kwanta ƙasa? Ai a kanta na karye a hannu." Aka ji dariya daga bayan zana. Da aka zo kan Hajo, ta faɗi nata a taƙaice, murya a daƙile, ba ta ƙara ko kalma ba.

Kada a zaci daga nan komai ya yi daɗi. Jimo ya koma Kaduna da rahotonsa, jan fenti kuwa na nan a jikin itatuwa. Labari ya riƙa zuwa Funtuwa a bakin direbobi, wai manya sun ji haushi, wai an ce ya ci amanar ɓangarensa, wai za a jefa shi wani lungu inda ba shari'ar kirki. Silifat ta rame. In ya zo ta tambaye shi, amsar dai ita ce ta da, aikin gwamnati ba a yin zancensa a tsakar gida. Hajo kuma ba ta dawo rumfa ba. Silifat na sayen kalwa a hannun 'yan Dayi, mai tsakuwa, tana tsinta tana mita, amma ta rantse ba za ta aika ba, tunda ba ita ta yi zagin ba.

Rani ya shigo, katafila ta zo Kurmin Sanda, ta ture kututture da gidajen gara, ta kewaye ɗorawu ta wuce. Ashe an amince da abin da Jimo ya rubuta: ƙasa ta gwamnati ce, itace na mai shi ne, kuma in ɗorawa ta nuna a buɗe wa mata ƙofa su shiga su tsinka. Malam Abubakar da kansa ya sake zana layukan gonar, yana gunaguni, daga baya kuma aka ji shi yana nuna wa baƙi wurin kamar dabararsa ce. Har aka ce duk inda za a karɓi fili a jihar, a riƙa tambayar itacen wa bayan an tambayi gonar wa.

Da bazara sai ga sanarwa. Ma'aikatar da Jimo ke wa aiki ta zaɓe shi cikin lauyoyinta za ta ba shi lambar yabo, kuma Di'o ya roƙa a yi bikin a Funtuwa, inda aikin ya faru. Silifat ta ɗinka sabon leshi. Gwaggwaron da ta ɗaura ranar nan, sai da ta sunkuya kafin ta shiga ƙofar ɗakin taro.

An cika maƙil. Ga ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya, ga alƙalai, ga lauyoyi daga Kaduna da Zariya, har da ƙaton nan da Jimo ya kayar, wanda ya zo ya riƙe hannunsa ya ce shi aka biya ya ga itatuwan nan, bai gan su ba. Wani dattijo mai farin gilashi, babba a ma'aikatar, shi ya yi jawabi. Ya ce lauyan gwamnati ba farauta ake aika shi ba, ana aika shi ne ya tabbata hukuma ta bi doka ko da ba mai kallonta. Ya ce cin shari'a da yawa sun iya, amma wanda zai ci shari'a sannan ya juyo ya gaya wa wanda ya aiko shi inda ya kauce, irinsu kaɗan ne. Ya ƙara da cewa sun bincika, yaron nan ko goro bai taɓa karɓa a hannun mai ƙara ba. Aka miƙa wa Jimo lambar, aka yi tafi. Silifat ta yi kuka a fili, ba ta ko ɓoye ba, daɗi ne ya yi mata yawa. Amma ta duba ɗakin nan kaf, ba ta ga mutumin Kurmin Sanda ko ɗaya ba, abin ya tsaya mata a rai.

Ana shirin tashi sai aka ji guɗa a waje. Ɗan doka ya yi ƙoƙarin tarewa, ina, tsofaffin mata ne, ba mai iya tare su. Hajo ce a gaba, da ƙwarya a kanta cike da sabuwar ɗorawa, 'yan uwanta na biye. Ta sauke ƙwaryar a gaban tebur, ta gaida manya, sannan ta dubi Jimo.

Ta ce, "Mu ba mu da lamba. Abin da muke da shi itace ne. Mun zauna mun yi shawara, Mai Zuma da ke tsakiyar fili, wadda ta fi kowace 'ya'ya, tawa ce, na gada wurin ubana. Daga yau ta Jimo ce. Kowa ya sani a garinmu ba a sayar da ɗorawa, ba a kuma ba bare. Ɗan gida ake ba. Ga 'ya'yanta na fari, ya amsa."

Ta juyo wajen Silifat, ta ce, "Ke kuma, bakina ya yi mini laifi. Ki yafe."

Silifat ta ji kamar ta tashi sama. Abin da ta kwana tana roƙo ke nan shekara da shekaru, ga shi an faɗa a gaban alƙalai da Di'o. Ta dubi ɗanta don ya miƙa hannu, sai ta ga bai motsa ba. Ta dubi dattijon nan mai gilashi, ta ga ya sunkuyar da kai yana kallon ƙwaryar. Nan take ta gane. Yanzun nan aka gama yabon yaron cewa ko goro ba ya karɓa, ga shi an kawo masa itace sukutum daga hannun mutanen da ya yi aiki a kan maganarsu. In ya karɓa, gobe a ce da ma don haka ya yi, lambar ta zama abin dariya. In ya ƙi, ya mayar wa Hajo kyautarta a bainar jama'a, kuma ya ce da bakinsa shi ba ɗan gida ba ne.

Jimo ya ajiye lambar a kan tebur. Ya zagayo, ya durƙusa a gaban Hajo har ƙasa, kamar yadda yake yi yana yaro.

Ya ce, "Inna, kin san a bayanki na girma. Sunan da kika kira ni da shi yau na amsa, kuma ya fi mini abin da ke kan teburin can. Amma aikin da nake yi ya hana ni cin ko ƙwaya ɗaya daga itacen nan, ni da Iya duka. In na ci, na ɓata maganar da na tsaya muku a kai."

Fuskar Hajo ta canza. Ta ce, "Wato mayar mini za ka yi?"

Ya ce, "A'a. Tambaya zan yi. Ranar da na zauna a zaure, na ji muryar masu itace. Amma na ji wasu a bayan zana suna ta hidima da ruwa, ba wadda ta yi magana. Su wa ye?"

Hajo ta ce, "Matan da aka auro daga wasu garuruwa ne. Su ba su da gado a nan."

"To da me suke daddawa?"

"Sai su taya mu tsinka, mu ɗan ɗiba masu."

Ya ce, "To ga roƙona. Mai Zuma ta zauna a hannun matan gari, kada ta zama tawa. Ku kira ta da sunana in kuna so. 'Ya'yanta kuwa, duk macen da aka kawo Kurmin Sanda ba ta da itace, nata ne, ta tsinka ba sai ta roƙi kowa ba. Uwata ma a jirgi ta zo ƙasar nan ba ta da komai, ke kika fara auna mata kalwa."

Hajo ta juya ga matan da ke bayanta, aka yi 'yan ƙus-ƙus, ta juyo ta ce, "Kai dai tun kana ƙarami ba a ba ka abu ka amsa shiru. Mun yarda." Guɗa ta sake tashi, wannan karon har da ta Silifat, wadda ba ta taɓa iya ta daidai ba. Dattijon mai gilashi ya ce tunda ƙwaryar nan ba ta lauya ba ce, a fita da ita a raba wa jama'ar da ke waje. Aka fita da ita, Jimo bai taɓa ba.

Ranar kasuwa ta gaba jakin Hajo ya tsaya a bakin rumfa. Hajo ta shiga, ta sha ruwa, ta ce kalwar 'yan Dayi da ta gani a buhu ko akuya ba za ta ci ba. Ba su sake tayar da zancen baya ba.

Kafin ɗorawa ta ƙare Hajo ta matsa sai Silifat ta zo ta ga itacen. Suka shiga gonar gwamnati ta ƙofar da aka buɗe wa mata, ga kunyoyi miƙaƙƙu, in sun zo gindin itace su lanƙwasa su wuce. Har yanzu da sauran jan fenti a jikin Mai Zuma. A ƙarƙashinta wata yarinya ce da goyo, tana ta fama da gora mai ƙugiya, kwandonta ya kusa cika. Hajo ta raɗa wa Silifat cewa Tasalla ce, bara aka auro ta daga wajen Mahuta.

Silifat ta kasa haƙuri. Ta ce, "Sannu da aiki, 'yata. Itacen wa kike tsinka haka ba tsoro?"

Tasalla ta ce, "Ɗorawar Lauya ce, Iya. Tamu ce mu da aka kawo."

"Wane lauya?"

"Wani ɗan garin nan ne, yana aiki Kaduna. An ce ɗan Inna Hajo ne."

Silifat ta buɗe baki. Hannunta har ya kai kan ƙyallen da hoton ke ciki, ga Zariya da Ikko da hular gashi duk sun taru a kan harshenta. Hajo ta zuba mata ido tana jira, tana danne dariya. Silifat ta dubi yarinyar, ta dubi kwandon, ta saki ƙyallen.

Ta ce, "Haka ne, ɗan garin nan ne. Ɗaga gorar sama kaɗan, ga wasu can sun fi nuna."